Farar giyar inabi mai ɗan zaƙi daga Mosel: yadda ake ɗanɗana ta da yadda ake gane lafiyayyiya

Tambaya: "Salamu alaikum. Ina koyon aikin hidimar baƙi a wani otal da ke birnin Trier na ƙasar Jamus, kuma a jarrabawarmu akwai sashen giyar inabi. Ni ba na sha. Otal ɗinmu yana sayen wata farar giya daga wata 'yar ƙaramar gona a bakin kogin Mosel, an rubuta Riesling feinherb a jikin kwalbar, barasa kashi 10.5 cikin ɗari. Rannan wani baƙo ya ce ta cika zaƙi, abokinsa a tebur ɗaya kuma ya ce tsami ne ya yi mata yawa. Wane ne mai gaskiya? Yaya masana ke ɗanɗana irin wannan giya, kuma me zan iya sani game da ita ba tare da na kai ta baki ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta kasu uku: me ya sa mutum biyu suka saɓa a kan kwalba ɗaya, yaya ake auna irin wannan giya, sannan ina iyakar abin da wanda ba ya sha zai iya ganewa. Hukuncin aikin a addini na malamai ne, su za ka tuntuɓa a kai. Ni a fannin sana'ar zan tsaya.

Baƙin nan biyu kowa abin da ke cikin kofin ya faɗa. Giyar tana da zaƙi, tana kuma da tsami mai ƙarfi, kuma da gangan aka yi ta haka. Duk gwanintar mai yin ta a daidaita waɗannan biyun take. Wanda ya saba da giyar da ba ta da sukari ko kaɗan zaƙin zai fara ji, wanda kuma ya saba da lemon kwalba tsamin ne zai buge shi. Abin da masani ke nema shi ne ko ɗayansu ya danne ɗaya.

Daga ina zaƙin ya fito

Mosel tana kusa da layin digiri 50 na arewa, wuri mai sanyi ga inabi. Abin da ke ba shi damar nuna shi ne gangaren tsaunukan da ke fuskantar rana, da baƙin dutse mai falle-falle da ke riƙe zafi, da kogin kansa. Wasu gonakin tsaye suke kamar bango: gangaren Calmont da ke kusa da Bremm ya kai wajen digiri 65. A irin wannan wuri tarakta ba ta da amfani, da hannu ake yin kusan komai, shi ya sa kwalbar ƙaramar gona ba ta arha. A wannan sanyin inabin Riesling yana nuna a hankali, ana tsinke shi a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, wani lokaci har Nuwamba, kuma yana zuwa da tsami mai yawa. Giram 7 zuwa 10 na tsami a kowace lita ba abin mamaki ba ne a can. In aka bar irin wannan giya babu sukari ko kaɗan, a shekarar sanyi tana iya kashe haƙori. Sukarin da ake bari maganin wannan ne.

Ruwan inabin da aka matse cike yake da sukari. Yis yana cin sukarin ya mayar da shi barasa da iska. A ƙiyasi, giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa. Riƙe wannan lissafin, domin shi ne zai ba ka damar karanta kwalba. A ce ruwan inabi yana da sukarin da zai iya kaiwa kashi 11.5 in yis ya cinye shi duka. In aka tsayar da yis a kashi 10.5, saura kamar giram 17 na sukari. In aka tsayar da shi a 8.5, saura kamar giram 50. Inabi ɗaya, gona ɗaya, giya biyu da ba su yi kama ba.

Hanyoyin barin sukarin uku ne. Ta farko, mai giya yana auna tanki kullum, idan ya kai inda yake so sai ya sanyaya shi zuwa kusa da daskarewa, yis ya kwanta, a kwashe giyar daga kansa, a sa sinadarin farar wuta, a tace ta da matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, yawanci 0.45 na maikiron, wadda yis ba ya iya wucewa. Ta biyu, wadda ƙananan gonaki da yawa ke bi, ita ce barin yis ɗin da ya zo da inabin ya yi aikinsa a gangar katako mai ɗaukar wajen lita 1,000 da suke kira Fuder. Idan hunturu ya shigo ɗakin ajiya ya yi sanyi, yis ya gaji ya tsaya da kansa, inda ya tsaya nan giyar ta tsaya. Ta uku, a bar giya ta ƙare sukarinta tas, sannan a zuba mata ruwan inabin da aka adana bai taɓa tsima ba, wato Süssreserve. Doka ta yarda da wannan. Sai dai akwai bambanci a baki: sukarin inabi iri biyu ne, gulukos da furuktos, yis yana fara cin gulukos ya bar furuktos a baya, kuma furuktos ya fi zaƙi da tsabta a harshe. Giyar da aka tsayar tana da furuktos da yawa, zaƙinta yana narkewa cikin jikinta. Wadda aka ƙara wa ruwan inabi sau da yawa zaƙin yakan zauna daban, a ji shi gefe guda.

Abin da kwalbar ke faɗa

Dokar Tarayyar Turai ta yanka iyakoki. Trocken, wato marar zaƙi, ba ta wuce giram 4 na sukari a lita, ko giram 9 idan tsamin bai gaza sukarin da fiye da giram 2 ba. Halbtrocken, mai ɗan zaƙi kaɗan, ba ta wuce giram 12, ko giram 18 idan tsamin bai gaza sukarin da fiye da giram 10 ba. Lieblich, mai matsakaicin zaƙi, tana kaiwa giram 45, abin da ya haura haka süss ne, wato mai zaƙi sosai. Ka lura doka da kanta ta ɗaure sukari da tsami wuri ɗaya: giya mai sukari giram 18 sai tana da tsami giram 8 kafin a kira ta halbtrocken.

Feinherb da ke jikin kwalbarku ba ta cikin wannan jeri. Babu adadin da doka ta ƙayyade mata. Masu gonaki suna amfani da ita ga giyar da ke kusa da halbtrocken ko ta ɗan haura, kuma wannan ne ya sa feinherb ta wannan gona ba lalle ta yi daidai da ta maƙwabciyarta ba. Ko a gona ɗaya ma ta bana ba ta bara ba ce. Shekarar 2018 zafi aka yi, tsamin ya sauka, giyar ta yi taushi. Shekarar 2021 sanyi da ruwa aka yi, tsamin ya hau. Sukari giram 20 a giyar 2021 zai iya ɓuya kusan gaba ɗaya, a ta 2018 kuwa zai fito fili. Da barasa kashi 10.5, in zan yi hasashe zan ce taku tana tsakanin giram 15 da 25, amma hasashe ne. Tabbas yana wurin mai gonar. Ka roƙi takardar bayanin giyar, za ka ga Restzucker, sukarin da ya saura, da Säure, tsami, da Alkohol. Ƙananan gonaki ba sa ɓoye wannan, da yawa ma a jerin farashinsu suke rubutawa. Haka kuma giyar da aka yi bayan 8 ga Disamba 2023 dole ta nuna bayanin sinadaran abinci, galibi ta lambar QR, inda za ka ga sukari a kowane mililita 100. Ka ninka sau goma ka sami na lita.

Giram 15 a lita kaɗan ne ƙwarai. A kofi mai mililita 200 giram 3 ke nan, bai kai ƙaramin cokalin shayi ba. Coca-Cola tana da sama da giram 100 a lita.

Abu biyu kuma da kan rikita ɗalibai a jarrabawa. Kabinett, Spätlese da Auslese ba ma'aunin zaƙin giya ba ne, ma'aunin nunar inabi ne a lokacin tsinka, wanda ake aunawa da digirin Oechsle: ruwan inabi mai digiri 80 lita ɗayansa tana da nauyin giram 1,080. Ana samun Spätlese trocken marar zaƙi. Amma a Mosel, Kabinett da ba a rubuta mata trocken ko feinherb ba, mai barasa kashi 7.5 zuwa 9, ka ɗauka mai zaƙi ce. Na biyu, ka nemi Gutsabfüllung ko Erzeugerabfüllung, alamar cewa wanda ya noma shi ya ɗura a kwalba. Sunan wuri ma yana ruɗi: Piesporter Goldtröpfchen gona ce takamaimai mai suna, Piesporter Michelsberg kuwa suna ne na yanki mai faɗi da ya haɗa gonaki da yawa. Akwai kuma lambar A.P. ta gwajin hukuma, lambobi biyun ƙarshe shekarar gwajin ne, waɗanda ke gabansu kuma su ne lambar wannan ɗurin. Idan kwali biyu masu suna ɗaya suka bambanta a ɗanɗano, nan za ka duba.

Ɗanɗanawar kanta

Sanyin giyar ya zama digiri 8 zuwa 10. Wannan ba ado ba ne. Daga firji kai tsaye, a digiri 4, ƙamshi yana rufewa, tsami ya yi kaifi. Idan ta haura digiri 14 zaƙin yana yin nauyi ya manne a baki. Ba mamaki baƙinka biyu wannan ne ya raba su, ɗaya ya kurɓa da zubawa, ɗaya ya bar kofinsa ya yi ɗumi yana hira. Kofi ya zama mai ƙafa, mai tsukakken baki, marar warin sabulu ko na kabad. A zuba kamar mililita 50, a riƙe ta ƙafa.

Ido ne farko. A karkata kofin a kan farar takarda. Sabuwar Riesling ta Mosel fara ce mai ɗan rawaya da ɗan kore-kore, garau. Da shekaru takan koma ruwan zinariya. 'Yan ƙananan kumfa a jikin kofi ba laifi ba ne, saura ne na iskar da yis ya fitar, kuma masu giya da yawa suna barin ta don ta ƙara wa giyar kuzari.

Sai hanci, sau biyu: kafin a kaɗa kofin da bayan an kaɗa. Shaƙa gajera, domin hanci yana saurin gajiya. Tambayar farko ita ce ko lafiya take. Bayan haka a nemi 'ya'yan itace. Inabin da bai nuna can-can ba yana ba da ƙamshin koriyar tuffa da lemon tsami, wanda ya nuna sosai yana karkata zuwa abarba da mangwaro, in kuma akwai ɗan inabin da ya bushe a reshe sai a ji zuma. Akwai wani ƙamshi kamar na jiƙaƙƙen dutse da mutanen Mosel ke dangantawa da ƙasarsu. A tsohuwar kwalba ana jin ɗan ƙamshin kananzir, wanda wani sinadari mai suna TDN ke kawowa. Kaɗan daga cikinsa a giyar da ta shekara takwas ko goma masu so suna yabawa. Mai ƙarfi a giyar shekara biyu alama ce ta inabin da rana ta ƙona. Ka kiyaye abu ɗaya: sukari ba shi da ƙamshi. Hanci yana jin 'ya'yan itace sai ƙwaƙwalwa ta ce zaƙi, alhali giyar tana iya zama trocken.

A baki, mai ɗanɗanawa yana ɗaukar kurɓi kaɗan, ya zagaya da shi, ya ja 'yar iska ta tsakanin leɓe, ya tofar bayan daƙiƙa biyar zuwa goma. Zaƙi ne ke fara isowa. Tsami yana biyo baya, kuma ana auna shi da yawu: a sunkuyar da kai bayan tofarwa, a ga yadda baki ke cika da sauri. Hukuncin yana a ƙarshe, daƙiƙa goma zuwa ashirin bayan giyar ta bar baki. Feinherb mai kyau tana farawa da ɗan zaƙi ta ƙare kusan babu shi, bakin ya zama wasai, ɗanɗanon 'ya'yan itace ya daɗe. Idan abin da ya rage danƙo ne a harshe, tsamin ya gaza. Idan zaƙi ya wuce nan take sai kaifi mai ɗaci ya tsaya shi kaɗai, inabin bai nuna ba aka rufe shi da sukari. Wannan na biyun shi ne aibin da na fi gani a giya mai arha, kuma sukari ba ya ɓoye shi sai na 'yan daƙiƙu.

Tofarwa ba ta mayar da abin kamar ba a taɓa ba: giyar ta shiga baki, kuma ɗan kaɗan yana wucewa. Saboda haka ka gaya wa masu koyar da ku aikin matsayinka tun da wuri, kada ka bari sai ranar gwaji.

Gwajin da za ka yi a kicin babu barasa

Za ka iya koyon zuciyar al'amarin da ruwa, sukari da garin tsamin lemo, Zitronensäure, wanda ake sayarwa a manyan kantuna. Ka tabbata na abinci ne. Ka nemi sikelin da ke iya auna kwatan giram. Narkar da giram 15 na sukari a lita ɗaya ta ruwa, ka raba kofi huɗu, mililita 250 kowanne. Na farko ka bar shi haka. Na biyu ka sa masa kwatan giram na garin, na uku rabin giram, na huɗu giram ɗaya. Ka sanyaya su, wani ya jera maka ba tare da ka san wanne ne wanne ba. Sukarinsu ɗaya, amma za ka rantse na farko ya fi zaƙi, na huɗu kuma kusan babu. Duk wanda ya taɓa haɗa zoɓo ya san haka: in ganyen ya yi tsami, sukarin da ya ishi tukunyar jiya ba ya isar ta yau. Kada ka zuba giram 8 a lita don ka kwaikwayi adadin giya, domin a tsurar ruwa babu ma'adinan da ke tausasa tsami kamar a ruwan inabi, zai yi kaifin da ba ya shawuwa. Sannan ka maimaita gwajin da ruwan ya yi ɗumi, ka ga yadda zaƙin ke tasowa.

Iyakar gwajin ke nan. Ba ya nuna nauyin da barasa ke ba giya a baki, ko tsawon ɗanɗano. Waɗannan sai ka samu daga abokin aiki mai sha, kuma kada ka tambaye shi ko ta yi daɗi. Tambaye shi me ya rage a bakinsa bayan daƙiƙa goma sha biyar, zaƙi ko tsami, kuma ɗanɗanon ya daɗe ko ya yanke. Ka rubuta amsar tare da adadin takardar, shekara da shekara.

Abin da kan lalace

Yawancin aibobi ido da hanci ke kama su, nan kuwa ba wanda ya fi ka dama. Giya mai saura sukari tana da haɗarin da marar sukari ba ta da shi: in yis ya tsallake matata, sai ya farka a cikin kwalba. Alamunsa gurɓacewa, kumfa mai yawa, warin ƙullun burodi, murfi ya turo ko kwalba ta yi tsartuwa. A janye kwalin gaba ɗaya a sanar da mai gonar. Don gudun haka ake sa wa irin wannan giya sinadarin farar wuta fiye da sauran, doka ta ba farar giya mai sukari giram 5 ko fiye damar kaiwa miligiram 250 a lita, marar sukari kuma 200. Idan ya yi yawa a sabuwar kwalba za ka ji kamar an ƙyasta ashana, ya soki hanci. Kaɗa kofi ko juye giyar a tulun gilashi na minti goma sha biyar yakan rage shi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai daban ne, yis ne da ya sha wahala, mai sauƙi yana tafiya da iska, mai nauyi ba ya tafiya.

Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗaki mai laima daga murfin ɓawon itace yake, sinadarin TCA, kuma ba ya gyaruwa, iska ma ƙara fito da shi take. Ba a gardama da baƙo a kan wannan, a canza kwalba. Giyar da iska ta shiga takan yi duhu, ta yi warin tuffar da aka yanka aka bari. Akwai kuma wanda Jamusawa ke kira UTA, tsufan da bai kai lokaci ba: 'ya'yan itace su ɓace, a ji warin maganin asu na cikin akwatin tufafi ko jiƙaƙƙen tsumma. Yakan biyo bayan shekarar fari, idan kurangar inabin ta sha ƙishi ko aka ɗora mata 'ya'ya fiye da ƙarfinta. 'Yan ƙwayoyi masu ƙyalli a gindin kwalba kuwa, Weinstein, gishirin tsamin inabi ne da sanyi ya fitar. Ba su da illa ko ɗanɗano, a dai zuba a hankali.

A tebur

Feinherb tana tafiya da abinci mai yaji, mai gishiri ko mai ɗan zaƙi: abincin Tailan da Biyetnam, kifi mai hayaƙi, gasasshen nama mai barkono. Dalili shi ne barasa mai yawa tana ƙara zafin barkono, ita kuwa wannan tata kaɗan ce, sukarin kuma yana kwantar da raɗaɗi. Inda take faɗuwa shi ne kayan zaƙi na bayan abinci. Duk abin da ya fi giya zaƙi yana kwashe mata nata ya bar tsurar tsami, saboda haka ka duba ko baƙon da ya yi ƙorafin tsami ya riga ya ci kek. In za a ba da giya fiye da ɗaya, trocken ce farko, sai feinherb, sai mai zaƙi sosai. Kwalbar da aka buɗe a rufe ta a mayar firji, a rubuta ranar a jiki. Kwana uku zuwa biyar tana nan lafiya, Riesling mai tsami da sukari sau da yawa takan wuce haka, amma a shinshina kafin a zuba.

Kafin ka kawo kwalbar, tambayi baƙo abin da ya saba sha. Wanda ya ce trocken kawai, ka gaya masa gaskiya cewa wannan tana da ɗan zaƙi a farko, ta ƙare da tsami, ka faɗi adadin in ka sani, ka ba shi kurɓin gwaji na mililita 20 ya yanke da kansa. Ga baƙon da ba ya sha, gonaki da yawa a Mosel suna yin tsurar ruwan inabi, Traubensaft, wani ma mai kumfa. Shi wannan ba a taɓa tsima shi ba. Giyar da aka rubuta wa alkoholfrei ko entalkoholisiert kuwa giya ce da aka yi sannan aka cire mata barasa, kuma doka ta yarda ta riƙe har kashi 0.5 cikin ɗari, don haka ka bayyana wa baƙo wannan bambancin kafin ya zaɓa.